Rasuwar Sai-Mun-Je, Wadda Aka Ƙara Wa Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai cike da ƙaya, Mai Rijiya yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tura masa mota da safe, cewa motarsa mai shiga daji, wadda aka fi sani da Sai-Mun-Je, ta kwanta dama. Kada kowa ya zo gaisuwa da maganar tsufa a bakinsa. Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Ƙanin matarsa ne ya kashe ta, wato Auta mai shagon labule, wanda yake kiran kansa Injiniya alhali sifana ba ta taɓa ɓata masa hannu ba. Ya same ta da ƙafa huɗu, lafiyarta ƙalau, ya mayar da ita mai ƙafa shida. Wanda zai ji haushin wannan magana ya ji.

Ya kamata masu zuwa ta'aziyya su san halin da ake ciki tun daga ƙofa. Wannan Auta bai taɓa yin ɓarna ya ga sakamakonta ba. Yayarsa, matar Mai Rijiya, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfura ta fito masa a gemu ba ta kwance zanen goyon ba. Shi ne ya gyara fankar falo ta koma juyawa da baya. Shi ne ya wanke cikin janareto da ruwan sabulu. Duk lokacin da Mai Rijiya ya buɗe baki, sai ta ce, "Haba Malam, yaro ne." Sai ya haɗiye. Ya haɗiye fanka, ya haɗiye janareto, ya sha ruwa a kai. Abin da ya hana shi sakat tun daga ranar rasuwa shi ne ko za a sa shi ya haɗiye mota sukutum da tayoyinta shida.

Marigayiya ba da ƙuruciya ta shigo gidan nan ba. Ta yi wani gida kafin nan, ta zo da tabo a goshi da haƙuri a ciki. Shekaru da yawa tana kai Mai Rijiya da ma'aikatansa haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyukan da ko jaki sai an lallashe shi yake zuwa. Da ya ajiye aiki bai yasar da ita ba, domin butulci ba halinsa ba ne. Ya sa mata gado mai naɗewa a baya, da tankin ruwa, da tanti a kan rufi, da ɗan murhu, ta zama ɗaki mai tafiya. Ba ta da gudu, wannan ba a ɓoye yake ba. Mai keke ya taɓa wuce ta a gangare har ya waiwayo ya yi mata sannu. Amma duk inda ta sa gaba sai ta je, kuma masu wuce ta da safe su ne take tararwa da rana sun buɗe bonet suna fifita.

Kowa a layin ya san gaisuwarta ta safe: "Gir… gir… gir… gurrum!" Hon ɗinta kuwa kamar akuyar da mura ta kama. Ƙofarta ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, abin da ya koya wa manyan mutane da dama cewa kowa yana bukatar wani. Ba ta taɓa shan mai fiye da rabonta ba, sai in an ɓata mata rai.

Babbar ɗabi'arta a ƙafa take. Tayarta ta baya tana taka daidai inda ta gaba ta taka, kamar ɗan kirki a bayan ubansa. Ta gaba ta danne laka ko rairayi ta buɗe hanya, ta baya ta bi ba gardama. In ƙasa ta yi laushi a rage wa tayoyin iska, su baje kamar tafin raƙumi, a wuce. Safaya guda ta ishe ta, domin duk kusurwar da ta kasa, safayar ta dace da ita. Wannan shi ake kira sanin kai, kuma motoci da yawa ba su da shi, balle mutane.

A rubuta kuma cewa Mai Rijiya ba ya gaba da tagwayen taya, wato taya bibbiyu a jere a baya. A kan kwalta, a ƙarƙashin babbar mota mai lodin siminti, su ne sarakai: su raba nauyi, su tsayar da mota cak, iska ba ta kaɗa ta. Amma kifi sarautarsa a ruwa take. Wanda ya ɗauke shi ya kai shi kan tudu don ya nuna gwaninta, ba masoyin kifi ba ne.

Ga yadda ciwon ajali ya soma. Mai Rijiya ya daɗe yana yi wa matarsa alkawarin zai kai ta ta ga wani tafki da ke bayan duwatsu, inda ya taɓa yin aiki, ruwansa garai-garai har kana ƙirga kifi. Ta ce ta ji labarin tafkin nan har tana iya zana shi da ido a rufe. Aka sa lokacin tafiya. Kafin lokacin ya zo, likita ya kwantar da shi don a cire masa yanar ido. Nan Auta ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna a bakin gado, ya ce wa yayarsa a hankali ta ba shi makulli zai ɗan duba motar kafin tafiya. Ta ba shi. Makulli amana ne, jama'a. Ba a miƙa shi ga mutumin da ilminsa duka a cikin waya yake.

Ranar da aka sallamo Mai Rijiya, ido ɗaya a naɗe da bandeji, bai shiga ɗaki ba sai da ya leƙa gareji ya gaishe da marigayiya. Ya tsaya. Ya murza idon da ya rage. Ya sake dubawa.

"Maman Yara," ya ce, "a mayar da ni wurin likita. Aikin nan bai yi ba. Bibbiyu nake gani."

"Me kake gani bibbiyu, Malam?"

"Tayar baya."

Sai ga Auta ya fito daga bayan mota yana washe baki, hannu a aljihu. "Idonka ras yake, Yaya. Biyu ne. Biyu a dama, biyu a hagu. Kyauta ce daga gare ni."

Mai Rijiya ya nemi bango ya dafa.

"Duniya ta ci gaba, Yaya," in ji Auta. "Na kalla a waya. Shida ta fi huɗu, ko ɗan firamare ya san wannan. In ɗaya ta fashe, 'yar'uwarta ta kai ka gida. Dubi shanshani da yawan ƙafa. Ka taɓa ganin ya maƙale?"

"Na taɓa ganin an take shi da takalmi ɗaya," in ji Mai Rijiya.

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, da niyyar ya kwance abin kunyar nan kafin maƙwabta su gani. Ashe Auta ya kai ta wurin mai walda an ƙara mata ƙarfe a ƙugu an liƙe shi ƙam, wai don kada ya kwance a hanya. Ba a raba ta da shi sai an yanka ƙashi. Bai tsaya nan ba. Ya riga ya gaya wa yayarsa cewa yanzu motar tana ɗaukar komai, don haka an shigar da firji, da katifar gaske, da kujerun roba, da manyan tukwane kamar za a ciyar da unguwa. Kaya na ƙarshe da aka loda shi ne Auta da kansa, wai zai bi su ya ga yadda aikinsa zai yi.

"Yaro ya yi ƙoƙari, Malam," in ji Maman Yara. "Ko na gode ba za ka ce ba?"

Ya ce na gode, da muryar wanda aka take wa yatsa a cikin taro.

A kan kwalta, gaskiya ɗaya ce, marigayiya ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙe sambal, ba tangaɗi, ba rawar ƙugu. Auta ya fitar da gwiwar hannu ta taga yana ɗaukar kansa hoto. "Yaya, ka ji yadda ta kama ƙasa? Ka ji?" Mai Rijiya ya ci gaba da tuƙi. Ya san Shaiɗan ma da kwalta yake fara wa mutum.

Da aka sauka hanyar daji sai magana ta canza. Hanyar daji layi biyu ce, sawun da motoci masu ƙafa huɗu suka tona. Tayoyin gaba suka shiga layinsu suka zauna. Na baya kuwa sun fi hanyar faɗi: na ciki suna cikin rami, na waje suna hawan gefe, suna karo da kututture, suna sharar ƙaya. Marigayiya, wadda duk rayuwarta ba ta taɓa yin rangwaɗa ba, ta koma tafiyar agwagwa. Tukwane suka kama kiɗa a baya. Firji ya soma zuwa gaba yana komawa kamar mai neman a ba shi wuri.

Sai aka ji wani sabon sauti wanda ba ya cikin muryoyinta: "Ƙwas… ƙwas… ƙwas…" Dutse ne ya shige tsakanin tagwayen ya zauna daram, yana cin gefen wannan yana cin gefen waccan, daidai inda fatar taya ta fi sirara. Mai Rijiya ya kwanta a ƙasa da sandar ƙarfe, dattijo mai sabon ido, yana saƙace wa mota haƙori. Ya fitar. Aka yi gaba kaɗan. "Ƙwas… ƙwas…" Ya sake kwanciya. Tun yana karkaɗe riga in ya tashi har ya daina.

"Duwatsun nan ne ba su da kyau," in ji Auta daga inuwa. "A wanda na kalla babu duwatsu."

Haka aka lallaɓa har bakin wani faffaɗan rafi, wanda hanya take bi ta cikin rairayinsa tafiya mai nisa kafin a tsallake ruwa a can ƙarshe. Mai Rijiya ya rage iskar tayoyin gaba yadda ya saba. Na baya ya ɗan taɓa su kawai, ya faɗa da babbar murya, don mai kunne ya ji, cewa tagwaye ba a sauke musu iska da yawa, domin in suka baje za su haɗa kumatu su riƙa gugar juna. Sannan ya ɗauki sanda ya yi gaba a ƙasa don ya gwada taurin rairayin.

A nan ne laifi ya cika. Da ya ga bayan mijin yayarsa, Auta ya tsuguna da tsinken ashana ya bi tayoyin baya huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ya sauke musu iska har suka yi laƙwas, domin a waya ya ga ana saukewa sosai. Bai gaya wa kowa ba. Ya tura rairayi da ƙafa ya koma mazauninsa yana murmushin wanda ya yi aikin lada a ɓoye. Mai Rijiya ya dawo, ido yana hawaye saboda rana, ya hau ya tayar.

Marigayiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, a shaida mata wannan. Ta ja, ta yi nishi, ta ja. Daga baya aka soma jin "ciii… ciii…" kamar ɓera a cikin buhu.

"Malam," in ji Maman Yara tana toshe hanci, "wa yake ƙona shara a dajin nan?"

Ba shara ba ce. Tagwayen ne suke gugar juna a inda duwatsu suka riga suka cinye, sun yi zafin da za a gasa nama a kai. Ana sa ƙafar gaba a ruwa sai aka ji "Fam!"

"Kada ku damu!" in ji Auta. "Ɗaya ce. Yanzu 'yar'uwarta za ta…"

"Fam!"

Ɓangaren hagu ya zauna. Ƙarfen mai walda ya ce "ƙaras," ya tafi da ƙashin ƙugun gaba ɗaya. Firji ya samu wurin da yake nema tun safe. Marigayiya ta karkace, ta zame a hankali cikin mutunci zuwa gurbi mai zurfi, hancinta ya nutse, ta sha ruwan da ba a halicce ta ta sha ba. Kalamanta na ƙarshe, waɗanda mutum uku suka ji da kunnensu, su ne: "Gur… gur… tuf." Mai Rijiya ya murɗa makulli. Ta ce "ƙit." Bai sake murɗawa ba. Ya cire hula.

Safaya tana nan a maƙale a bayanta tana kallon ikon Allah: ita ɗaya, gawa biyu, ƙafar da za a ɗaura ta a kai ma ta karye.

Sai aka dawo a ƙasa. Auta yana gaba, ya ɗaga waya sama yana juyi da ita ko za ta kama, ba ta kama ba. Laka ta cinye wa Maman Yara takalmi ɗaya, ta ɗaura leda a ƙafar ta ci gaba. A hanya suka gamu da wani makiyayi, Mai Rijiya ya tambaye shi tafki. Ya nuna da sanda ya ce ai ga shi nan bayan tudun can, da sun tsallake ruwan da sun gan shi. Maman Yara ta dubi tudun. Ta dubi ledar ƙafarta. Ta dubi ƙeyar ƙaninta. Ba ta ce uffan ba har kwalta. Wannan shirun ya fi ƙaya damun Mai Rijiya, domin a saninsa, in ta yi shiru haka, uzuri take ɗinka wa Auta, kuma ɗinkinta ba ya warwarewa.

Motar janwe ce ta kawo gawa gida. Bakanikenta na shekara da shekaru ya zo ya buɗe bonet, ya zare sandar gwajin mai ya ga ta fito fara kamar madara, ya mayar a hankali ya ce, "Sai haƙuri." Daga nan ya zauna a kan bambar ya yi kukan da ya fi na mai ita, domin shi ma ya san abin da ya rasa.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyin gaba biyu, waɗanda ba su da hannu a cikin komai kuma har yanzu ba su gane abin da ya faru a bayansu ba. Ta bar safaya, wadda ba a yi shawara da ita ba. Ta bar jak, da igiyar ja, da tanti wanda bai kwana a bakin tafki ba. Ta bar kyanwar maƙwabta da ke ɗumi a kan bonet kowace safiya, yanzu tana zagaye gareji tana tambaya. Ta bar wani baƙin tabon mai a simintin gareji, wanda Mai Rijiya ya hana a wanke. Ta kuma bar tagwayen dama, suna nan manne da juna da ƙarfensu da rim ɗinsu, da dutse guda a tsakani. Iyali ba su ɗauke su a matsayin dangi ba.

Da dangi suka taru a ƙofar gareji, Maman Yara tana kan kujera, ƙafarta a cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri. Mai Rijiya yana gefe ya sunkuyar da kai. Auta ya gyara murya.

"Yaya, in an bi ta a hankali, ai dama ta tsufa. Ni kuskurena ɗaya ne, kuma na yarda da shi. Da na sani da na ƙara wa na gaba ma. Da ƙafa takwas ne, wallahi da yanzu muna…"

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Matso. Dubi ƙafar nan."

Ya matso ya duba. Ta kumbura ta yi suntum, ƙaya ta yi mata zane.

"A kan ƙafa biyun nan na goye ka, na kai ka makaranta, na kai ka asibiti, na bi ka gidan mutane ina ba da haƙuri. Ban taɓa neman a ƙara mini ta uku ba. Mutumin nan tun ina da ƙuruciya yake ce mini zai kai ni in ga ruwa. Saura tudu ɗaya, Auta. Tudu ɗaya! Na ga ruwa kam, har cikin kunnena."

"Yaya, ai a waya…"

"Kawo ta."

Ya miƙa. Ta ɗaga ƙafa, ta sa wayar a cikin robar, ta mayar da ƙafarta a kai. Mai Rijiya ya ɗago. Waɗanda suke wurin sun ce sabon idon nan ya yi wani ƙyalli da likita ma bai yi alkawarinsa ba. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskar makoki, ta ƙi riƙuwa, sai ya rufe ta da hula yana jijjiga, mutane suna ta ba shi haƙuri.

Ga yadda aka tsara rakiya. Gawa tana ƙofar gareji a lulluɓe da tantinta, ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su shuri taya don gwada iska, babu abin da ya rage a gwada. Kada a tambayi batir, an riga an ba bakanike ya riƙe don tunawa. Kujerar direba za ta zauna a baranda, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa zama a kanta. Mai walda ya aiko da gaisuwa, an karɓa, amma an shawarce shi ya tsaya a inda yake. Duk wanda ya zo da shawarar irin motar da za a saya nan gaba, ya fara ƙirga ƙafafunta a gida kafin ya buɗe baki.

Ranar Asabar da hantsi 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta zuwa makwancinta. Motarsu za ta tafi a hankali, yadda marigayiya ta saba, ta bi ta babban titi, ta ratsa kasuwa, ta wuce ta gaban shagon labule.

Tagwayen dama ba za su hau mota ba. Bisa hukuncin yayarsa, Auta ne zai gara su da hannu a bayan gawa, manne da juna, da dutsensu a tsakani, tun daga ƙofar gida har filin 'yan gwangwan. Duk wanda ya tambaye shi a hanya, zai ce shi ya ƙara su. Ba a yarda kowa ya kama masa ba. Yayarsa za ta bi shi a baya, a cikin motar shi Autan, Mai Rijiya yana tuƙi.